Waya Cike Da Sabis, Kira Ba Ya Shiga: Halin Da Fataken Shanu Ke Ciki A Garwa Da Kewaye

Maganar da zan kawo a wannan fitowa magana ce da kowa yake ƙorafi a kanta a gindin inuwa, amma ba a taɓa zama an dube ta a tsanake ba, wato maganar waya a Garwa da kasuwannin da ke kewaye da ita. Duk wanda ya saba shiga babbar kasuwar Garwa da hantsi, ko karar Adumri ranar Alhamis, ko Pitowa ranar Lahadi, ya san abin da nake nufi. Za ka duba fuskar wayarka ka ga sandunan sabis sun cika fal, ka danna kira, ta yi shiru, can ta katse. Ka sāke, wata mata ta gaya maka da Faransanci cewa ba a samun wanda kake nema, alhali kuwa mutumin yana can Mubi riƙe da tasa wayar yana jiranka. Mutanen Kamaru suna cewa "rezo ya ƙi", mu a wancan ɓangare mu ce "ba sabis". Duk jirgi ɗaya ne ya kwaso mu.

Yaran yanzu ba su san cewa wannan sana'a ta yi shekaru aru-aru ba waya ba. Shanu suna fitowa daga Cadi ta wajen Lere da Binda, su bi burtali su sauko Adumri ko Gidar, daga nan a kora su zuwa Mubi ko Yola da ƙafa, kuma labarin kasuwa a bakin mutum yake tafiya. Direban mota ya zo da wasiƙar ajami a aljihu, ko ɗan kora ya dawo ya ce Ikko ta yi kyau, ko ta faɗi. Kafin labarin ya iso ka, ya kwana biyar. Wanda ya matsu sai ya je gidan waya ya bi layi. Wayar salula ta shigo Kamaru sosai a shekarar 2000, lokacin da kamfanin MTN ya sayi sashen salula na Camtel, kuma Mobilis ya fara aiki, wanda ya koma Orange a 2002. Nijeriya ta biyo baya a watan Agusta na 2001. Nexttel ya shigo Kamaru a 2014, shekarar da aka ƙara wa lambobin salular ƙasar lamba 6 a gaba suka zama tara. Cikin 'yan shekaru kaɗan sai ga shi mun ɗora dukan cinikinmu a kan wannan ɗan ƙarfe: taya, sallama, neman tirela, canjin kuɗi, har da tambayar ko hanya lafiya. Mun saki tsohuwar hanya, shi ya sa ranar da sabuwar ta toshe sai mu tsaya cik kamar jakin da ya ga kogi.

To, me ya sa sabis yake cika amma kira ba ya shiga? Abin da ya kamata mu gane shi ne, sandunan nan da ke fuskar waya ba su nuna cewa akwai wuri. Abin da suke nunawa kawai shi ne wayarka tana jin muryar turken sabis da ƙarfi, wato kana kusa da shi. Shi kuwa turken yana da iyakar mutanen da zai iya ɗauka a lokaci guda. A tsohon tsarin nan na 2G, wanda ƙananan wayoyinmu masu madannai suke amfani da shi, kowace na'urar da aka ɗaura a jikin turke gurbi takwas take da shi, kuma ba duka ake ba masu magana ba, ana ware wani domin saƙonnin da ke tsakanin waya da turke. In guraben sun cika, mai zuwa daga baya sai ya jira. A tsarin 3G da 4G kuwa, raba ƙarfin ake yi tsakanin duk waɗanda suka hau, in mutane sun yi yawa rabon kowa ya ƙanƙance har ya zama ba ya isar komai.

Mu da muke kiwo ba mu bukatar dogon bayani a nan. Ka ɗauki mashaya mai kwami huɗu. In garke ɗaya ya zo, kowace saniya ta sha ta ƙoshi. In garke ashirin suka iso tare da azahar, ruwa yana nan a rijiya, kowace dabba tana ganinsa da idonta, amma bakin kwamin bai ƙaru ba. Haka turken sabis yake. Kuma a nan ne matsalar kasuwanninmu ta fi ta kowa, domin kamfani yana auna gari ne da mutanen da ke kwana a cikinsa. Ƙauye kamar Adumri kwana shida yana zaune da mutanensa, ranar Alhamis sai Fulani da Larabawan Shuwa da fatake daga Cadi da Nijeriya da mahautan kudu su cika shi, kowa da waya biyu, wani uku. Turken da aka kafa domin ƙauye sai ya wayi gari yana ɗauke da birni. Haka abin yake a Bogo can wajen Marwa, haka a Ngong, haka kuma a Potiskum da Maigatari in an ƙetara. Kuma duk a sa'o'i guda muke buƙatar layin, daga hantsi zuwa la'asar, lokacin da ciniki ya yi zafi.

A cikin garin Garwa kuma akwai ƙari. Shagunan kasuwa na siminti ne da ƙofofin ƙarfe da rufin kwano, an gwamutsa su, kuma sabis ba ya son ƙarfe da kankare. Musamman na 3G da 4G, wanda galibi yake tafiya a kan zango mai gajeren zuwa, ba ya ratsa bango kamar na tsohon tsari. Shi ya sa za ka ga Alhaji ya bar shagon ɗan canji ya fito tsakiyar rana yana ɗaga waya sama kamar mai neman wata. Ba hauka ba ne, yana da hujja. Sa'an nan ga yara da ɗalibai da 'yan acaba, kowa yana kallon bidiyo. Ban ce laifi suke yi ba, kuɗinsu suka sa. Amma minti ɗaya na bidiyo yana cin abin da saƙon rubutu dubbai ba za su ci ba, kuma daga kwami ɗaya muke sha da su. An ga misalin wannan a fili a watan Janairu na 2022, lokacin da aka buga gasar cin kofin Afirka a filin Rumde Ajiya, inda Nijeriya ta ci Masar ɗaya da nema ranar 11 ga wata, Tunisiya kuma ta fitar da ita ranar 23. 'Yan kallo sun kwararo daga Yola da Mubi da Kano, gari ya cika. Taron ƙwallo dai mako uku ne ya watse. Namu taron kowane mako ne, shekara da shekaru, kuma ba wanda yake yi masa shiri na musamman.

Wannan na cunkoso ke nan. Amma akwai ranar da ba cunkoso, kasuwa ba ta ci, sabis kuma ya ɗauke ɗungurungum. Wannan daga baya yake tasowa. Turken da kake gani ba shi kaɗai yake aiki ba, akwai igiya a ƙarƙashin ƙasa da take haɗa shi da cibiyar kamfani, ita ce ake kira faiba. Manyan igiyoyin da suka haɗa Kamaru da duniya ta ƙarƙashin teku suke zuwa, su fito a Duwala da Limbe da Kiribi. Daga can zuwa Garwa tafiyar fiye da kilomita 1,000 ce, ta Gaundare, kuma babbar igiyar cikin ƙasa tana hannun kamfanin gwamnati ne, Camtel, sauran kamfanoni haya suke yi. Wani sashe nata ya bi layin bututun man da ya taso daga Doba ta Cadi zuwa Kiribi, wanda aka gama a 2003. Arewa tana can ƙarshen igiya. In katafila mai gyaran hanya ta sa haƙori ta tsinke ta a wani daji, ko ruwan damina ya zaizaye gefen titi, ko ɓarayi suka tona suna zaton tagulla ce, to duk wanda ke gaba da wurin ya shiga duhu, Garwa da Gidar da Marwa har Kusiri. Wani lokaci ma ɓarnar ba a Kamaru take ba. Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyi da dama sun lalace a cikin teku daura da Kwaddibuwa, intanet ya rikice a ƙasashen yammacin Afirka har da Nijeriya da Kamaru, bankuna suka kasa aiki yadda ya kamata. Ka ji fa, mutum yana tsaye da bijimi a Pitowa, abin da ya hana shi karɓar kuɗinsa yana ƙarƙashin teku a ƙasar da bai taɓa takawa ba.

Sai maganar wuta. Lardunan arewa uku, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, wutarsu daban take da ta kudu, kuma ginshiƙinta shi ne madatsar ruwan Lagdo a kan Binuwai, wadda Sinawa suka gina aka gama a 1982, mai ƙarfin megawat 72. Ita ce dai wadda 'yan'uwanmu na Yola da Makurɗi suke jin sunanta duk lokacin da aka saki ruwa, kamar a 2012. Shekarar da damina ta yi ƙaranci ruwan tafkin yakan ja baya, injuna su rage aiki, a shiga rabon wuta unguwa-unguwa, kamar yadda aka sha fama a 2021. An kafa tashoshin hasken rana a Gidar da Marwa daga baya, sun rage zafi. Amma turken sabis in wuta ta ɗauke batir yake komawa, in batir ya ƙare sai janareto, in mai kawo gas bai zo ba sai ya yi shiru. Kuma batir ba ya shiri da zafin Garwa na watan Maris da Afrilu, lokacin da awo yake haura 40. Abin takaici, a shekarun nan lokacin ya yi kusa da hada-hadar azumi da sallah, sa'ad da kasuwar dabbobi take tashi.

Mutanen Kamaru ba su yi shiru ba. A watan Afrilu na 2023 jama'a suka yi wani irin yajin aiki da ban taɓa jin irinsa ba: kullum daga ƙarfe 12 na rana zuwa 2 kowa ya sa wayarsa a yanayin jirgin sama, ba kira ba intanet, domin kamfanoni su ji a aljihunsu. A watan Mayu na wannan shekara hukumar da ke kula da sadarwa, ART, ta ci tarar kamfanoni huɗu sefa biliyan 6 saboda rashin ingancin aiki: Orange biliyan 2.2, Nexttel biliyan 1.6, MTN biliyan 1.4, Camtel miliyan 800. Tara dai baitulmali take shiga. Falken da shanunsa suka kwana a kara ba ya ganin ko dala.

Yanzu bari mu zo inda abin yake ci mana tuwo a ƙwarya. Wanda yake hira da budurwarsa in layi ya katse ya yi tsaki ya sāke kira da dare. Mu kuwa kayanmu masu rai ne, suna ci suna sha suna ramewa. A ce ka sayi shanu talatin a Adumri, kana jiran ɗan canji a Mubi ya tabbatar wa abokinsa na Garwa cewa naira ta shiga domin a ba ka sefa ka sallami masu shanu. Layi ya ƙi. Bafulatanin da ya sayar yana so ya kama hanyar ruga kafin duhu, domin kowa ya san halin dajin Mayo Rey da Tuboro da 'yan zargina da masu satar mutane. Ba zai kwana ba. Ko dai ya karɓe shanunsa ya sayar wa mai kuɗi a hannu, ko dillali ya tsaya maka da mutuncinsa. In an kwana, ga kuɗin harawa, ga na masu gadi, ga 'yan kora da ka riga ka yi jinga da su suna ci daga aljihunka, ga tirelar da ka kama a can tana jira direba yana lissafa maka kwana. Mafi muni, in ka kuskure ranar kasuwa ta gaba, mako guda ya tafi, kuma farashin naira da sefa ba ya jiran kowa. Abin da aka yi lissafi da shi da safe ba shi ne na yamma ba.

Sa'an nan ga rigimar tura kuɗi ta waya. Irin turawar nan da ake danna lambobi da alamar tauraro ko tsani, ita tana bukatar layi ya zauna daram daga farko har ƙarshe. In ya yanke a tsakiya, sai a cire kuɗi a wajenka, saƙon tabbaci bai iso ga mai karɓa ba. Kai ka ce ka tura, shi ya ce bai gani ba, ku duka kuna da gaskiya. Na taɓa zama shaida a irin wannan a wata kara kusa da Garwa, tsakanin mutum biyu da suka yi shekara goma sha suna hulɗa. Har an kai ga rantse-rantse, sai bayan sallar isha'i saƙon ya faɗo wayar mai karɓa. Kuɗi sun iso, amma maganganun da aka faɗa wa juna da rana ba su komu ba. Su kuma macuta sun gane wannan ƙofa. Sai mutum ya nuna maka saƙon bogi a wayarsa, ko ya turo maka wanda ya rubuta da hannunsa, ya ce ai ka san halin rezo, zai shigo. Ka buɗe masa igiya ya tafi da sa. Kada wanda ya saki dabba a kan saƙon da ya gani a wayar mai saye. Sai ka duba asusunka da kanka ka ga adadin ya ƙaru, ko da za a kai magariba. Kuma a tuna tun Janairun 2022 gwamnatin Kamaru tana cire harajin kashi 0.2 cikin ɗari a kan turawa da cirewa ta waya, ban da ladan kamfani, don haka a yi magana tun farko a kan wa zai ɗauka.

Akwai kuma tambayar da take tasowa a zauren sulhu: an yi ciniki ta waya, mai shanu ya ce "na sallama", layi ya katse kafin a ƙarasa, shin ciniki ya faɗa? Abin da muka karanta a makaranta shi ne, a mazhabarmu ta Malikiyya ciniki yana ƙulluwa da magana, in an yi tayi an karɓa, ba sai an rabu ba. Majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ta zauna a Jidda a 1990 ta ɗauki masu magana ta waya tamkar waɗanda ke zaune wuri guda, amma ta ware wasu abubuwa, ciki har da canjin kuɗi, saboda sharaɗin karɓa hannu da hannu. Wannan ya shafe mu kai tsaye, mu da muke juya naira zuwa sefa kullum, kuma ya kamata shugabanni su gayyato malami ya warware mana shi a taron shekara. Amma ko a cinikin dabba, wahalar tana wajen shaida. Shi ya ce ya faɗa, kai ka ce ba ka ji ba, kuma mai yiwuwa da gaske ba ka ji ba. Shi ya sa nake ganin duk cinikin da aka ƙulla ta waya a bi shi da saƙon rubutu, ko saƙon murya na WhatsApp, a ambaci adadin shanu da kuɗi da ranar biya. Wanda bai iya boko ba ya yi da baki, Hausa ko Fulatanci ko Larabci. Wani amfanin kuma, shi saƙo ba ya bukatar gurbin magana. Yana jira ne a layi, da ya sami 'yar kafa sai ya wuce, shi ya sa sau da yawa tes yake shiga a inda kira ya gagara.

Dabarun da mutane suka gano da kansu suna da yawa, kuma galibinsu suna da tushe. Riƙe layin kamfani biyu ba almubazzaranci ba ne, domin na'urorinsu daban ne, sai dai ranar da babbar igiya ta tsinke duk tare suke kwantawa. Fita daga tsakiyar kara ka yi tafiyar 'yan mintoci yakan sa wayarka ta koma wani turken ko wata fuskar turken da ba ta cika ba. Ƙaramar waya mai madannai takan yi kira inda babbar ta kasa, ga riƙe caji. Wanda ya iya, ya shiga saitin babbar wayar ya tsayar da ita a kan 2G in magana kawai yake so. Kuma maganar kuɗi da ɗan canji a gama ta da sassafe bayan asuba kafin kasuwa ta cika, a ajiye sefa a hannun fatoma amintacce, maimakon a jira sai an sallama a fara neman Mubi.

A bakin iyaka kuma a yi hattara. Wajen Gashiga da Belel, ko Sahuda ta hanyar Mubi, sabis ɗin ƙasashen biyu yana shiga juna, waya takan tsallake da kanta ta kama na maƙwabta, kati ya ƙare ba ka san dalili ba. Kamaru ba ta cikin ECOWAS, tana ƙungiyar ƙasashen tsakiyar Afirka ne tare da Cadi, saboda haka duk wani sauƙin kira da ake shiryawa tsakanin ƙasashen yamma bai shafi mai tsallakowa Garwa ba. Amma wannan shigar sabis ɗin ta taɓa yin rana. A watan Mayu na 2013, da aka kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa aka rufe layukan waya, mutanen bakin iyaka da layin Kamaru suka riƙa jin labarin 'yan'uwansu. Haka aka sāke rufewa a Zamfara a Satumban 2021, har ya shafi sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, 'yan can kuma suka koma neman sabis ɗin Nijar.

Abin da nake roƙon shugabannin wannan ƙungiya shi ne su ɗauki maganar a matsayin ta sana'a, kamar yadda suke ɗaukar maganar burtali da shingayen hanya da takardar likitan dabbobi. Kamfanonin waya suna da turke na tafi-da-gidanka wanda ake jawowa da mota a kafa a wurin babban taro, kuma suna iya ƙara na'urori a jikin turken da yake tsaye. Ba za su yi ba sai an nuna musu akwai riba, kuma ribar a fili take, domin kuɗin da ke juyawa a Adumri ranar Alhamis kowa ya san ba na wasa ba ne. Ƙaramar hukumar da ke karɓar haraji a kan kowane kai da ya shiga kara ita ma tana da baki a ciki. A sa sakataren kowace kara ya riƙe littafi na wata uku, ya rubuta ranar da layi ya ƙi, daga ƙarfe nawa zuwa nawa, da layin wane kamfani. In an haɗa na Adumri da Pitowa da Ngong da Gidar, a rubuta takarda da Faransanci, sarkin kara da shugaban ƙungiya su sa hannu, a kai wa magajin gari da hukumar ART da ofisoshin kamfanonin a Garwa, a ajiye kwafi guda a ofishinmu. 'Yan'uwanmu na Mubi su ma su yi irin nasu su kai wa hukumar NCC.